Ƙwayoyin nano da allon furotin: tambayoyi da amsoshi

Wannan fanni na amfani da ƙwayoyin nano a allon furotin waje ne da ilimin sinadarai da na halittu da na haske suka haɗu, shi ya sa ɗalibin likitanci ko mai aikin lab yakan ji abin ya masa yawa tun bai fara ba. Amma in ka bi shi a hankali tambaya ɗaya ce ake ta juyawa, wato yaya za a zaunar da furotin a kan abu mai tauri ba tare da an lalata shi ba, sannan a gane abin da ya kama. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai mene ne ma allon furotin ɗin?

Ɗan gilashi ne, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin maikiroskof, faɗinsa milimita 25 tsawonsa 75, da na'ura ta ɗiga wa furotin iri-iri ɗigo-ɗigo a jere, kowane ɗigo an san wurinsa an san abin da ke cikinsa. Ɗigon bai cika wuce maikiromita 100 zuwa 200 ba, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sai a zuba ruwan jinin mara lafiya ko wani magani ko wani furotin a kai, a bar shi ya zauna, a wanke, sannan a haska da leza a ga ɗigon da ya yi haske. Inda ya yi haske to nan aka yi kamu. Gwajin ELISA, wato gwajin neman furotin da ake yi a 'yan ramukan faranti, da Engvall da Perlmann suka fito da shi a Suwidin a 1971 abu ɗaya yake nema a rami ɗaya, shi kuwa wannan ɗaruruwa ko dubbai yake tambaya lokaci guda da ɗan jinin da bai kai ɗigo ba.

Roger Ekins a Landan tun ƙarshen shekarun 1980 yake cewa ƙaramin ɗigo zai iya fin babban rami gani, amma sai a 2000 abin ya fito fili sosai, lokacin da Gavin MacBeath da Stuart Schreiber na Harvard suka buga ɗigo 10,800 a gilashi ɗaya. A cikinsu 10,799 duk furotin iri ɗaya ne, guda ɗaya tak suka sa daban, kuma da suka zuba abokin haɗinsa sai ya je ya nemo wannan ɗayan ya manne masa. A 2001 kuma Heng Zhu da Michael Snyder a Yale suka jera furotin 5,800 na yis, wato yisti mai tayar da burodi, kusan duk abin da wannan halitta take da shi.

To ƙwayoyin nano fa, ƙanƙantarsu ta kai ina?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ko ka ce milimita ɗaya akwai nanomita miliyan a cikinta. Silin gashin mutum yana kai wajen nanomita 80,000 a kauri. Abin da ake kira ƙwayar nano yawanci tsakanin nanomita 1 ne zuwa 100, ana yinta da zinare ko azurfa ko silika ko ƙarfe mai maganaɗisu ko roba. Abin lura a nan shi ne antibodi guda ɗaya, wato furotin ɗin garkuwar jiki mai kama takamaiman abu, irin IgG da ke cikin jininmu, girmansa wajen nanomita 10 zuwa 15 ne. Kaga kenan ƙwayar da furotin ɗin kusan sa'annin juna ne a girma, kuma duk amfanin da za a faɗa a ƙasa daga wannan ya samo asali.

Allon DNA ya daɗe yana aiki lafiya, me ya sa na furotin yake ba da wahala haka?

Toh a nan gizo ke saƙar. Allon DNA tun 1995 aka yi shi a Stanford kuma nan da nan ya bazu, domin DNA ba ta da rigima, duk zarenta halinsu ɗaya, cajinsu ɗaya, za ka iya busar da ita ka ajiye ka dawo ka same ta yadda ka barta, in ta yi kaɗan kuma ka sa PCR, dabarar kwafar DNA a lab, ta ninka maka ita sau miliyoyi.

Furotin ba haka yake ba sam. Sarƙa ce ta amino asid iri 20 da ta naɗe kanta ta yi wata siffa, kuma aikinsa gaba ɗaya a wannan siffar yake, kamar makulli ne da in haƙoransa suka ɗan lanƙwashe to yana nan a hannunka amma ba zai buɗe kwaɗo ba. In ya taɓa gilashi ko roba tsirara yakan baje ya warware, in ya bushe ya lalace, in zafi ya taɓa shi haka, wani yana son ruwa wani yana gudunsa, wani cajinsa wannan wani wancan, kuma babu wata PCR ta furotin da za ta ninka maka shi in ya yi kaɗan. Su MacBeath sai da suka sa giliserin kashi 40 cikin ɗari a ruwan da suke ɗigawa don kada ɗigon ya bushe kafin a gama.

Sai kuma matsalar jinin kansa. Albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, yana kai giram 35 zuwa 50 a lita, amma furotin irin su IL-6 da ake nema don gane kumburi a jiki 'yan fikogiram ne a mililita, fikogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. Tazarar da ke tsakanin mafi yawa da mafi ƙaranci ta wuce ninki biliyan goma, kuma furotin wajen 22 kacal su ne kashi 99 cikin ɗari na nauyin furotin ɗin da ke ruwan jini. Abin da likita yake so yana cikin ɗan ragowar nan.

Ta ina ƙwayoyin nano suke shigowa?

Ta wurare uku, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Wani lokaci su ne mazaunin, wato a jera su a kan gilashi sannan a ɗora furotin a kansu. Wani lokaci su ne alamar, wato a manna su a jikin antibodi na biyu, wanda ake zubawa ya kama abin da na farko ya riƙe, don su ba da sigina in an yi kamu. Wani lokaci kuma su ne masu farautar, a sake su cikin jinin su kwaso furotin sannan a janyo su da maganaɗisu. In kana karanta wata takarda fara gano wanne daga ciki ake magana, in ba haka ba za ka yi ta kwatanta abubuwan da ba su da haɗi.

Me ya sa kullum zinare ake ambata?

Saboda ba ya tsatsa, ba ya rigima da ruwan jiki, yana kama sinadarin salfa, wato farar wuta, da ƙarfi sosai, kuma yana da launi da ido zai gani. Zinare in ya koma ƙwayoyi 'yan nanomita 10 zuwa 20 ba ruwan ɗorawa yake ba, ja ne, domin ilektoron da ke fuskarsa suna kaɗawa tare da haske mai tsawon zango wajen nanomita 520, su shanye kore su bar ja. Michael Faraday ya yi bayanin wannan jan ruwan zinare tun 1857.

Hanyar haɗa su da har gobe ake bi ita ce ta Turkevich ta 1951, wadda Frens ya gyara a 1973, kuma duk wanda ya taɓa ganinta ba ya mantawa. Za ka ɗora ruwan gishirin zinare a wuta, launinsa ruwan ɗorawa mai haske, yana juyawa yana tafasa, sai ka zuba sodiyam sitiret gaba ɗaya a lokaci guda. Nan take launin ya ɓace ruwan ya koma garau kamar ba komai, can sai ya yi duhu, toka-toka zuwa shuɗi mai baƙi, sannan cikin 'yan mintuna ya juye ya zama ja mai kyau. In ka ƙara sitiret ƙwayoyin su fito ƙanana, in ka rage su fito manya. In kwalbar ba ta wanku sosai ba kuwa sai ka samu ruwa mai shunayya da dusa-dusa a ƙasa, shi ya sa masu wannan aikin suke tsananta wankin kwalba fiye da komai.

Kuma kusan kowa ya taɓa ganinsu bai sani ba. Jan layin nan da ke fitowa a gwajin gaggawa na zazzabin cizon sauro ko na korona, da yawancin na ciki, ƙwayoyin zinare ne 'yan wajen nanomita 40 ɗauke da antibodi suka taru a layi ɗaya.

Yaya ake manna furotin a jikin ƙwayar?

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa su kawai a ruwan da aka daidaita tsaminsa, furotin ya manne da kansa. Akwai ma gwaji mai kyau na gane ko ya rufe ƙwayar, sai ka zuba ruwan gishiri, in ƙwayoyin tsirara suke sai su dunƙule ruwan ya koma shuɗi, in furotin ya lulluɓe su kuwa ja zai tsaya a ja. Illar wannan hanya ita ce ba ka da iko da yadda ya kwanta. Antibodi siffar Y gare shi, hannuwa biyu na sama su ne masu kamu, to in ya faɗi rub da ciki ko ya kife hannuwan suna ƙasa, yana nan a ɗigon amma ba shi da amfani.

Shi ya sa ake bin hanyoyin da za su tsayar da shi daidai. Akwai furotin A da furotin G na bakteriya da suke kama ƙafar antibodi su bar hannuwan a sama. Akwai jelar amino asid ɗin histidin guda shida da ake ɗinka wa furotin tun a wajen ƙera shi, wadda take kama nikel, da ita su Snyder suka yi aiki a gilashinsu na yis. Akwai biyotin da sitireftabidin, haɗin da yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a halittu, in sun kama juna wanki ba ya raba su. Akwai kuma sinadaran EDC da NHS da suke ɗaure furotin ta wajen amino asid ɗin laisin, yana da ƙarfi amma laisin a ko'ina yake a jikin furotin don haka ba ka san ta ina zai ɗauru ba. Ni dai a ganina in furotin ɗin mai tsada ne ko mai wuyar samu, ɓata lokaci wajen tsayar da shi daidai ya fi komai riba, don ɗigo mai furotin kaɗan a tsaye ya fi ɗigo cike maƙil da wanda ya kife.

Bayan nan dole a toshe sauran filin da ya rage da BSA (albumin ɗin shanu) ko kasin (furotin ɗin madara) ko PEG (sinadari mai hana furotin mannewa), in ba haka ba duk abin da ke cikin jini zai zo ya zauna.

Da gaske ne lanƙwasar ƙwayar tana kare furotin daga lalacewa?

Wani lokaci. A 2004 Vertegel da Siegel da Dordick sun ɗora wani furotin mai suna laisozayim a kan ƙwayoyin silika masu girman nanomita 4 da 20 da 100, suka ga a kan ƙananan ya fi riƙe siffarsa da ƙarfin aikinsa, a kan manyan ya fi bajewa. Dalilin a fili yake, ƙaramar ƙwaya ɗan wuri kaɗan take taɓawa a jikinsa. Amma a 2006 su Roach sun gwada albumin da fibirinojin, furotin ɗin daskarewar jini, albumin ya bi wannan ƙa'ida, fibirinojin kuwa da yake dogo ne siriri sai ya fi lalacewa a kan ƙananan. Don haka kowane furotin sai an gwada shi, ba a ɗaukar sakamakon wani a ɗora wa wani.

Yaya ake jera abu ƙanƙani haka a layi? Ai firinta ba za ta iya ba.

Firintar da ake buga allon furotin da ita ba ta sauka ƙasa da gomman maikiromita, gaskiya ne. Don haka aka nemo wasu dabaru. A 1999 Chad Mirkin na Jami'ar Northwestern ya fito da rubutu da tsinin maikiroskof ɗin AFM, wanda yake lalube fuskar abu da ɗan tsini maimakon haske, a tsoma tsinin a sinadari a ja shi a kan zinare yana barin sawu, kuma a 2002 shi da Milan Mrksich da ɗalibansu suka buga jeren furotin mai ɗigo nanomita 100 zuwa 350 a mujallar Science. Yana da kyau amma yana da jinkiri, sai daga baya aka yi masu tsini dubbai.

Dabara ta biyu ta Richard Van Duyne ce, shi ma a Northwestern, daga 1995. A shimfiɗa 'yan ƙwallayen roba a gilashi su jera kansu ƙugu da ƙugu, a fesa tururin azurfa ta sama ya shiga ta ramukan da ke tsakaninsu, a cire ƙwallayen, sai a bar 'yan dalar azurfa masu kusurwa uku a jere reras. Ta uku ta Joachim Spatz ce a Jamus, ita za mu ɗan tsaya a kanta. Ta huɗu kuma naɗin DNA ne da Paul Rothemund ya nuna a 2006, inda ake naɗe dogon zaren DNA ya zama faifai ɗan wajen nanomita 100, kuma kowane wuri a kansa an san adireshinsa, sai a ce furotin kaza zauna nan, ƙwayar zinare zauna can.

Me aka gano da wannan wanda gilashi na yau da kullum ba zai nuna ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin amsarta ce ta nuna nano ba ado ba ne. Su Spatz suna amfani da wata roba mai ɓangare biyu da take dunƙulewa ta zama 'yan ƙwallaye a cikin ruwa, kowane ƙwallo da ɗan gishirin zinare a tsakiyarsa. A tsoma gilashi a ciro, ƙwallayen su jeru, a ƙone robar da filasma, wato iskar gas mai caji, sai a bar ɗigon zinare 'yan ƙasa da nanomita 8 a jere, tazarar da ke tsakaninsu kuma tsawon robar ne yake yanke ta, don haka mai bincike shi ke zaɓa. Ɗigon ya yi ƙanƙantar da intagirin ɗaya kawai zai iya zama a kansa, intagirin kuwa shi ne furotin ɗin da sel, wato ƙwayar halitta, yake riƙe ƙasa da shi. Suka manna ɗan guntun furotin mai suna RGD da intagirin yake so a kan kowane ɗigo, suka shafe tsakani da PEG don kada sel ya sami wani wurin kamawa, sannan suka saki sel a kai.

Sakamakon da suka buga a 2004 shi ne in tazarar nanomita 58 ce ko ƙasa da haka, sel yana zama ya baje ya kafa ƙafafunsa da kyau. In ta kai 73 kuwa sai ya kasa, yana taɓawa yana saki. Bambancin nanomita 15 kacal. Wato sel ba yawan abin kawai yake ji ba, har nisan da ke tsakani yana aunawa, don sai intagirin sun matso kusa da juna sun yi gungu kafin saƙo ya shiga ciki. Babu yadda za a yi ka ga wannan a gilashin da aka shafa wa furotin barkatai. Daga baya an bi wannan hanya an duba sel ɗin garkuwar jiki irin T da yadda suke farkawa, abin da ya shafi masu neman maganin kansa da masu ƙera abin da ake dasawa a jiki kai tsaye.

A wajen sigina fa, me suke ƙarawa?

Tunda ba a iya ninka furotin, sai a ninka alamar. A 2003 Nam da Thaxton da Mirkin suka yi wata dabara da PSA, furotin ɗin da ake aunawa a kansar furostet, gilan ɗin da ke ƙasan mafitsarar maza. Ƙwayar maganaɗisu ta kama PSA ta gefe ɗaya, ƙwayar zinare mai ɗauke da gajerun zaren DNA masu yawa ta kama ta ɗaya gefen, a ja da maganaɗisu a wanke, a saki zarurrukan a ƙirga su. Furotin ɗaya ya zama ɗaruruwan DNA kenan, DNA kuwa mun iya karanta ta.

Akwai kuma shimfiɗar zinare mai tsibiri-tsibiri da ɗakin binciken Hongjie Dai a Stanford ya yi, wadda take ƙara hasken rinin da ake sawa a matsayin alama har wajen ninki 100, a 2014 sun nuna ta a mujallar Nature Medicine wajen gano antibodin da ke nuna ciwon suga nau'i na ɗaya da ɗan jini kaɗan. A kula dai, in rinin ya matso jikin zinaren sosai haskensa mutuwa yake, sai da ɗan rata yake ƙaruwa.

Ɗigon kwantam, wato 'yan ƙwayoyin nano masu fitar da haske, waɗanda Bawendi da Brus da Ekimov suka sami kyautar Nobel a kansu a 2023, launinsu daga girmansu yake, ƙanana kore ko shuɗi manya ja, fitila ɗaya tana kunna su duka kuma ba sa saurin dusashewa kamar rini. Tun 1998 aka fara manna su a jikin furotin.

Na maganaɗisu kuma wata fa'ida gare su da ba a cika faɗa ba. Jini da fitsari da yawu duk suna da launi ko gurɓata ko ɗan haske nasu da yake dame sigina, amma ba su da maganaɗisun da zai dame. Shan Wang a Stanford ya ɗauki irin sensar da ke karanta faifan ajiyar kwamfuta ya jera 64 a ɗan guntu ɗaya, a 2009 suka nuna tana ba da amsa iri ɗaya ko a wane ruwa aka gwada.

Sai wanda ba ya ma buƙatar alama, irin 'yan dalar azurfar Van Duyne, furotin na zama a kansu launin da suke shanyewa ya ɗan gusa, a auna gusawar.

Ina ganin ana cewa an gano abu a matakin atomola, a yarda?

A karanta da natsuwa dai. Aikin PSA ɗin nan ya ba da rahoton atomola 30, atomola kuwa ma'auni ne na abin da ya yi matuƙar ƙaranci a ruwa, in ka yi lissafi wajen ƙwayar furotin 18 kenan a maikirolita ɗaya. Aiki ne na gaske, amma tambayar farko da za ka yi wa kowace takarda ita ce a wane ruwa aka auna, ruwan bafa mai tsabta, wato ruwan gishirin lab da aka daidaita tsaminsa, ko jinin mutane daban-daban. Abin da ya yi kyau a bafa sau da yawa yana faɗuwa a jini, saboda albumin da 'yan uwansa suna manne wa komai su ɗaga hasken bango har ƙaramin siginar ya nutse.

Na biyu, ƙanƙanta tana da nata haraji. Ɗigon da bai wuce nanomita 100 ba, in abin da ake nema ya yi ƙaranci, sai a yi sa'o'i ko kwanaki kafin ƙwaya ɗaya ta yi yawo ta faɗo kansa. Kuma maikiroskof na haske ba ya raba abubuwan da suka matsu ƙasa da wajen nanomita 200, don haka karanta allon ma wani aiki ne.

Na uku kuma shi ne babba, wato antibodin kansa. In antibodi yana kama abin da ba nasa ba, ƙwayar nano za ta ƙara wa wannan kuskuren haske ne daidai yadda take ƙara wa gaskiya. Kuma abin yana ƙaruwa da yawan abin da ka haɗa, in kana neman furotin 10 a ruwa ɗaya akwai hanyoyi 90 da wani antibodi zai iya kama na wani, in 100 ne hanyoyin sun zama 9,900. Wannan ne ya sa allon da ke amfani da antibodi biyu-biyu yawanci yake tsayawa a 'yan gommai, alhali na DNA yana kai dubban ɗaruruwa. Wallahi da rabin ƙoƙarin da ake yi wajen rage adadin nan na atomola za a mayar da shi wajen tantance antibodi da marasa lafiya sun fi amfana.

Mene ne rawanin furotin da ake cewa yana rufe ƙwayoyin?

Duk ƙwayar nano da ta shiga jini, cikin daƙiƙu furotin suke yanyame ta su yi mata lulluɓi. Ƙungiyar Kenneth Dawson a Dablin ta ƙasar Ailan ce ta fito da bayanin sosai a 2007. Ga mai gina allo wannan ciwon kai ne, don lulluɓin yana iya binne antibodin da ka sha wahalar tsayarwa. Amma wasu sai suka juya abin ya zama makami. Tunda kowace irin fuska da furotin ɗin da take ja, kuma ba lalle mafi yawa ne yake cin wurin ba sai wanda ya fi son fuskar, to in ka saki ƙwayoyi iri biyar masu fuska daban-daban a ruwan jini kowacce za ta kwaso nata kaso har da waɗanda albumin ya danne. Sai a janyo su da maganaɗisu a kai wa na'urar auna nauyin ƙwayoyi ta karanta. An buga wannan a Nature Communications a 2020, kamfanin Seer na Amurka kuma yana sayar da shi.

An fara amfani da su a asibiti ko har yanzu a lab suke?

Rabi da rabi. Allon furotin na maikiro, wato mai ɗigo masu girman maikiromita, ya shiga asibiti, misali ImmunoCAP ISAC da yake gwada abubuwa 112 masu jawo borin jini a lokaci ɗaya. Luminex, gwajin da ke ɗora antibodi a kan 'yan ƙwallaye, ma ya bazu a ɗakunan bincike, sai dai ƙwallayensa wajen maikiromita 5 zuwa 6 ne, ba nano ba ne. Gwajin Verigene mai aiki da ƙwayoyin zinare ya sami amincewar hukumar FDA ta Amurka tun 2007, amma yawancin gwaje-gwajensa DNA da RNA yake nema. A ɓangaren bincike kuma allon furotin ya yi aiki mai yawa, kamar wanda aka buga a 2010 inda aka jera furotin 1,204 na ƙwayar cutar zazzabin cizon sauro aka gwada jinin mutane a Mali kafin lokacin cutar da bayansa, don a ga waɗanne antibodi ne suke tafiya da kariya. Jeren nano na ainihi, irin na Spatz ko na tsinin AFM, har yanzu kayan bincike ne. Abin da ke riƙe su shi ne maimaituwa, a yi dubu su fito iri ɗaya, su yi watanni a ajiye ba su canja ba.

Akwai haɗari?

Tunda a gilashi ake aikin ba a jikin mutum ba, mara lafiya ba abin da zai same shi. Mai aikin ne zai kula. Ɗigon kwantam da yawa da kadmiyam ake yinsu kuma guba ne, ba a zuba su a magudanar ruwa. Garin ƙwayoyin nano busasshe ba a shaƙarsa. Ruwan asid ɗin da ake wanke kwalaben zinare da shi yana cin fata yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, sai a cikin akwatin zuƙe iska. Jinin da ake gwadawa kuma a ɗauke shi kamar yana ɗauke da cuta ko da an ce ba shi da ita.

Wanda zai fara, me ya kamata ya sa a gaba?

Ya fara da furotin ɗaya da ya sani sarai, ya tabbatar yana aiki a ELISA kafin ya kai shi kan ƙwaya. Ya auna ƙwayoyinsa kafin mannawa da bayanta, in ƙololuwar hasken da suke shanyewa a nanomita 520 ta gusa da 'yan nanomita kaɗan to furotin ya zauna, in ta baje ta tafi wajen 600 da wani abu to sun dunƙule ne, a zubar a sake. Kada ya sa su a firiza, daskarewa tana dunƙule ƙwayoyin zinare kuma ba sa komawa, firij mai digiri 4 ya isa.

A kan allon kuma kowane furotin a ɗiga shi aƙalla sau biyu ko uku a wurare daban-daban ba gefe da gefe ba, don gefen gilashi yakan riga tsakiya bushewa. A bar ɗigon da ba komai sai bafa, a sa ɗigon antibodin da ba ruwansa da abin da ake nema, a kuma yi gilashi guda da ba a zuba masa jini ba sai alamar kaɗai, duk abin da ya yi haske a wannan gilashin to ƙarya ne a cire shi daga lissafi. In ɗigo ya fito da zobe mai haske tsakiyarsa fayau, ruwan ne ya bushe da sauri ya tura furotin bakin gefe, sai a ƙara laimar ɗakin ko a ƙara giliserin. Kuma kada a bar gilashin ya bushe tsakanin wanki da wanki ko na minti ɗaya ne, yawancin hasken bango mai datti daga nan yake zuwa. Duk furotin ɗin da allon ya nuna a matsayin sabon abu, sai an sake tabbatar da shi ta wata hanya daban da jinin wasu mutane daban kafin a rubuta shi a takarda.